Yankan Ranar Talata

Ƙarfe bakwai saura na safiyar Laraba wayata ta yi ƙara, ina kokawa da kwaɗon ƙofar gareji a unguwar Mahjar ta Jidda. Abu Yazan ne, kafilina, mutumin da iƙamata, wato takardar zamana, da ta matata da ta 'yata duk suke rataye a sa hannunsa.

"Ya Hamidou, kada ka taɓa motar nan. Ka ji ni? Na fasa yankan. An samu mai saye daga Riyad, riyal dubu ɗari tara, in dai tana nan yadda ta fito daga kamfani. Ƙarfe goma zan zo da wadda za ta duba masa."

Na ce, "Hadir, an gama, ya Abu Yazan." Bakina ne ya riga hankalina. Sai da ya kashe waya hankalin ya iso, don kuwa na riga na taɓa ta.

Motar tsohuwar 'yar tseren Ingila ce, ƙirar 1968, ƙofa biyu, koriya shar, dogon hanci da ɗan guntun baya. Mu a gareji Hajiya muke ce mata, saboda ba ta fita rana kuma ba a ɗaga mata murya. Shekara goma sha ɗaya ina kula da ita. Sai bana Abu Yazan ya gani a waya cewa a Turai ana yanke rufin irinsu a ƙara masa tsawo har baya, a mai da su wagon, kuma wai wata ta yi tsadar hauka a gwanjo. Shi ke nan ya tasa ni gaba. Yana son inda zai zuba kayan kamun kifinsa, yana kuma son riba. Na ce masa a bar Hajiya da kanta, ya ce shi ya sayi abarsa. Mai abu da abinsa, ni wane ne? Na auna, na zana layi da alli, ya ce ranar Laraba in fara.

Matsalar ita ce Larabar ba kowace Laraba ba ce. Ita ce ta ƙarshen watan Safar, wadda mu a Damagaram muke kira Larabgana. Maigidan da ya koya mini aikin ƙarfe ko ƙusa ba ya bugawa a ranar, balle ya fara sabon aiki. Na san abin da malamai ke cewa a kai, na ji shi a huɗuba ya fi a ƙirga. Amma abin da aka dasa maka kana yaro ba ya fita da huɗuba ɗaya. Kuma in dubi Balaraben Jidda in ce masa ina tsoron rana? Kunya ta hana ni. Sai na yi dabara irin ta mai wayon banza: ranar Talata bayan la'asar na ɗauki injin yanka, na tsaga ginshiƙin rufin na baya, ɓangaren hagu, taƙi ɗaya tak. Aiki ya fara ranar Talata ke nan, Laraba ci gaba ce kawai. Har daɗi na ji da na koma gida.

Ina tsaye a kan tsagar nan Hadi ya shigo. Bakano ne, shi ke mana fenti, kuma bai taɓa ganin abu ya yi shiru ba. Na gaya masa komai. Ya leƙa, ya yi salati, sannan ya dube ni sama da ƙasa.

"Malam Hamidou, ka guji Laraba ka faɗa mata da ka. Wallahi ku mutanen Nijar sai addu'a."

"Ba lokacin tsiya ba ne, Hadi."

"To ai gaskiya ce. Yanzu dai sa'a uku gare mu. Ka ɗinke ta da walda, in shafa ma'ajun ya cike wurin, in fesa fenti. Ina da ragowar koren da na haɗa wa madubinta bara. In Allah ya rufa asiri, wa zai gani?"

Ihsan na tuna, 'yata ɗaya tilo. A Jidda aka haife ta, ba ta taɓa taka Damagaram ba, in ta yi Hausa kakarta dariya take a waya. Ranar Lahadi za ta shiga ajin ƙarshe na sakandare, jarrabawarta sai bayan Babbar Sallah. In Abu Yazan ya buga mini fita ta ƙarshe, mu uku za mu hau jirgi, karatun shekara goma sha ɗaya ya tsaya a bakin ƙofa. Tsoro ya kama ni irin wanda ban taɓa ji ba, na ce wa Hadi ya kawo kayan.

Waldar dai ta yi kyau, ba yabon kai ba. Na ɗiga ta kaɗan-kaɗan don kada zafi ya ƙona fentin gefe, na goge ta ta kwanta. Hadi ya shafa ma'ajun, muka tsaya jiransa kamar masu jiran tuwo ya nuna. Amma wanda ya san Jidda a watan Agusta ya san iskarta jiƙaƙƙiya ce, riga ma ba ta bushewa a jikin mutum. Ƙarfe tara da kwata ya fesa fenti. Muka kunna fitilar zafi, muka jawo fanka biyu. Goma saura biyar na kai bayan yatsa kusa, ban taɓa ba, ina jin danshinsa. Hadi ya kunna turaren wuta a bakin ƙofa wai don ya kashe warin, garejin ya koma kamar ɗakin amarya da aka zubar da tinar fenti a ciki.

Goma da minti bakwai suka iso. Abu Yazan a gaba, farar riga sai ƙyalli, fuska cike da fara'a. A bayansa wata mace siririya da gilashin ido da 'yar jaka, ya ce sunanta Ustaza Rana, ita ce idon mai sayen. Ta gaishe mu a taƙaice, ta ɗan ja iska da hanci.

"Kuna fenti yau?"

"Kullum muna fenti, ya ustaza," in ji Hadi. "Sana'ar ke nan."

Ta ciro wata 'yar na'ura mai kama da waya. In ta ɗora ta a jikin mota sai ta yi ƙara, ta nuna kaurin fentin wurin. Wurin da aka taɓa gyarawa ba ya ɓoye mata. Ni ban taɓa tsanar wani abu da ba shi da rai kamar yadda na tsani abar nan ba.

Ta fara daga hanci. Ɗit. Ta rubuta. Ƙofar dama, ɗit. Ta durƙusa ta haska ƙarƙashi, ta karanta lambar inji, ta shafa kujerun fata. Abu Yazan na biye da ita yana zuba.

"Mu'allim Hamidou ke riƙe da ita tun ranar da ta sauka daga jirgin ruwa. Ko ɗana Yazan ban yarda ya tuƙa ta ba. Amma Hamidou, makullin ma a wurinsa yake kwana."

Kowace kalma tasa sai na ji kamar ana ɗora mini bulo a ƙirji. Ta zagayo baya. Ta auna murfin but, ta auna ginshiƙin dama, ta ce masha Allah. Saura taku biyu. Gumi na bin bayana har cikin wando, Hadi kuwa ya sami wani tsumma yana ta ninkewa yana warwarewa.

Sai wayarta ta yi ƙara. Mai sayen ne. Ta juya tana magana, tana cewa har yanzu komai lafiya, mota ce da ba a cika samun irinta ba. Na ce a raina, ya Allah ka sa ta manta inda ta tsaya. Tana cikin maganar ta ɗan jingina, ta dafa rufin da hannun hagu, daidai wurin.

Maganarta ta tsaya. Ta ɗago hannun a hankali. Tafin ya yi kore, kuma ga shatin yatsunta huɗu a kafaɗar Hajiya.

"Zan sake kiranka," ta ce, ta kashe wayar.

Ba wanda ya yi motsi sai fankokin nan biyu. Ta ɗora na'urar a gefen shatin, ta dubi lambar, ta juya wa Abu Yazan ita don ya gani. Shi bai dubi lambar ba, ni yake kallo.

"Esh hada, mene ne wannan, ya Hamidou?"

Hadi ya buɗe baki, na ɗaga masa hannu. Na faɗi komai: yankan jiya, wayar safe, walda, fenti. Na ce Hadi umarnina ya bi. Abu Yazan ya tambaye ni abin da nake gudu, me ya sa jiya, alhali ya ce yau. Na gaya masa zancen Larabar ƙarshen Safar, ina kallon takalmina. Da ya zage ni da na fi jin sauƙi. Dariya ya yi, gajeriya, marar daɗi.

"Saboda rana. La haula wa la ƙuwwata." Ya juya ga Ustaza Rana. "Nawa ta koma?"

Tana goge hannu da tsumman da Hadi ya miƙa mata. "Mutumina ba zai saya ba, shi wadda ba a taɓa ba yake nema. Wani zai iya ba ka dubu ɗari biyar, in an gyara da kyau kuma an faɗi gaskiya."

"In na mai da ita wagon fa? Na ga wadda ta wuce miliyan biyu."

"Waɗancan tsofaffin gidajen ƙira na Turai ne suka yi su tun da can, da takarda da hatimi. Sunan gidan ake saye, ba rufin ba." Ta ɗan dube ni, ba da wulaƙanci ba. "Wadda aka yi a nan, ko ta fi tasu kyau, in ka samu dubu ɗari uku ka gode Allah. Ka yi haƙuri, mu'allim. Waldarka ba ta da laifi, kasuwa ce ba ta san ka ba."

Wannan ta yi mini ciwo, ban ɓoye ba. Shekara talatin ina lanƙwasa ƙarfe, ashe sunana rage kuɗin mota yake.

Ta yi sallama ta fita. Abu Yazan ya zagaya motar sau ɗaya, ya tsaya a kan shatin yatsun. Da ya yi magana muryarsa a kwance take, kuma na san shi, gara ihunsa.

"Da ka ce mini a waya ka yanka, wallahi da na yi faɗa na huce. Ni na ce a yanka. Amma ka tsaya kana jina ina yabonka a gaban baƙuwa, fenti na ɗiga a bayanka." Ya numfasa. "Ba zan kai ta kasuwa da tabo ba. Ka yanke ta, ka gama abin da ka fara, ni zan hau. Ranar da ka miƙo mini makulli ka zo da fasfo ɗinku in buga muku fita ta ƙarshe, halas. Wata nawa aikin zai ci?"

A nan ne shaiɗan ya sake leƙowa. Na lissafa da sauri, daga yau zuwa bayan Babbar Sallah.

"Wata goma, ya Abu Yazan."

Ya dube ni. Ya san Ihsan, shi ya yanka ragon sunanta, ya kuma san ajin da za ta shiga. Na ɗauka zai kau da kai ya bar ni da wata goman.

"Da muna aunawa ka ce mini shida," ya ce. "Ƙarya sau biyu a rana ɗaya, ya Hamidou? Shida."

Ya fita, direbansa ya ja mota. Hadi ya kashe fankokin. Na ƙirga a yatsu ko na yi kuskure, na sake ƙirgawa. Shida a bakin azumi ta tsaya. Ihsan kuwa tun shekaranjiya ta goge kayan makarantarta ta rataye a bayan ƙofa, ni kuma da azahar zan koma gida cin abinci.