Muryar Sangin Lala

Shekara talatin da ɗoriya Sangin Lala ya yi yana mutuwa a finafinan Peshawar kafin ya yi ta gaskiya. An harbe shi, an jefo shi daga saman bene, an ƙone shi cikin motar da ba ta da inji. Shi ne bos a kusan kowane fim, labarin kuma ɗaya ne: ɗan sandan ciki zai saje da yaran bos, ya ci ya sha da su, a ƙarshe ya zaro katin aiki, bos ya kece da dariyar mugunta ya faɗi cikin jan fenti. Da ta gaskiyar ta zo, a kan tabarmar salla ta same shi, ba ko tari.

Masu kallo ba su san cewa dariyar nan ba tasa ba ce. Allah ya ba Sangin Lala ƙirji da gashin baki da idanun da ke sa yaro fitsari a wando, sannan ya haɗa masa da siririyar murya da in'ina mai tsanani. Wannan bai taɓa hana shi aiki ba, don a nan ba a amfani da sautin wurin ɗauka. Janareta na ihu, darakta na ihu, mai shayi na kiran a dawo masa da kofunansa. Akan sa wa ɗan wasa ƙaramar na'ura a aljihu don a san abin da ya ce, daga baya a shiga ɗaki a ɗora murya. Wanda ke ɗora ta Sangin Lala tun fim ɗinsa na farko shi ne Ajab Nur, wani ɗan tsurut da bai kai kafaɗarsa ba, amma in ya buɗe baki sai ka duba sama ko hadari ne.

Ajab Nur na son mutumin nan, so na gaske. Ya san inda harshensa ke maƙalewa, ya san yadda zai cike gurbin da gurnani ko dariya har leɓe da magana su tafi daidai. Ya taɓa marin wani mai riƙe fitila da ya kwaikwayi in'inar. A ganinsa aikinsa a duniya shi ne rufa wa mutumin nan da ya ɗauka yayansa asiri, kuma ya rufa.

Bayan an share makoki ya je gaishe da iyalin. Matar marigayin, Palwasha, ta zauna a bayan labule kamar yadda ta saba, aka turo masa koren shayi ta ƙasa.

"Ya ƙarin haƙuri, matar Yaya?"

"Da godiya, Ajab Nur. Yara sun kunna min finafinansa a waya." "Fuskarsa ce, amma da ya buɗe baki sai in ji kai. Kada ka ji haushi."

"Wane haushi? Ni ma na gaji da jin kaina."

"Ba ni da muryarsa ko ta kalma ɗaya. Ka san shi, bai taɓa yarda ya aika saƙon murya ba, a bidiyon bikin 'ya'yansa ma murmushi kawai yake yi kamar baƙo. Jiya na so in tuna yadda yake magana, wallahi sai da na yi da gaske. Tsoro nake ji ta ɓace min. Ku da kuke naɗe komai, ba za a samu ko kaɗan ba?"

Ajab Nur ya ce za a samu. Ya faɗa da ƙarfinsa, amma ya fito yana shakka, don ya san halin mutanensa. Sautin wurin ɗauka shara ne a wurinsu. A da, da kaset ake yi, a naɗa wani a kan wani har ya tsinke, yanzu kuma memori ne, ana gama ɗora murya a goge a tafi da shi wani fim. Mutanen da ke wanke rigar jini ɗaya su sa wa gawa biyar, su ne za su ajiye in'inar wani?

Ya zaga ɗakunan tace fim na unguwar Nishtarabad ɗaya bayan ɗaya, ya sha shayi har ya ishe shi, ya sha "ayya" da "da ka zo bara". Sai a ɗakin Fazle Rabi, wanda ke tace fim ɗin marigayin na ƙarshe, aka dace.

"Kai ma da tsufanka ka shiga aikin ɗan sandan ciki?" in ji Fazle Rabi, yana lalube cikin gwangwanin alewa da yake zuba memori. "Ga na ranar ƙarshe. Ka yi sa'a, jibi za a tafi da shi wani aiki."

Suka maƙala abin ji a kunnuwa suka saurara. Janareta, ashar ɗin darakta, jarumi yana ƙorafin an yi masa kwalliya kamar amarya, sannan siririyar muryar nan tana fama da "Wa ya aiko ka cikin mutanena?" Can aka tashi hutu, hayaniya ta yi nisa, aka ji takun mutum ɗaya. Ashe marigayin ya manta da na'urar a aljihu, ya koma bayan shago ya kira gida.

"Pa... Pa... Pa... Palwasha."

Ajab Nur ya sunkuyar da kai. Duk zamansu bai taɓa jin ya kama sunanta ba, kullum "mutanen gida" ne. Muryar ta ci gaba, tana tsayawa tana tashi: ya kusa gamawa, saura a kashe shi kawai, kada ta ci abinci sai ya zo, ya sayo mata ruman, kuma ta sha maganinta. Ya maƙale a "magani" har sai da ya ja numfashi ya sake ɗaukowa daga farko.

Fazle Rabi ya share ido da bayan hannu. "Allah ya jiƙan Lala. In tura maka a haka?"

"A haka? Ka haukace ne? Mu kai wa mace muryar mijinta yana fama da harshe kamar an shaƙe shi? Mutum ya rasu kuma mu tona masa asiri a gidansa? Gyara za mu yi."

Suka zauna gyara, kuma a gaskiya ba su taɓa yi wa wani fim aiki mai kyau haka ba. Ajab Nur na nuni da yatsa, Fazle Rabi na yankewa. Suka cire duk wani maimaici, suka ɗinke kalmomi, suka kwashe dogayen shirun da jan numfashin, suka rage kukan janareta. Da suka kunna, sai ga Sangin Lala na magana tiryan-tiryan, abin da bai taɓa yi ba a rayuwarsa. Daɗi ya kama Ajab Nur har ya ji kamar shi ya warkar da shi.

"Na asalin fa?" in ji Fazle Rabi.

"Goge shi. Ka san yaran yanzu, gobe sai ka gan shi a wayoyi an haɗa da kiɗa ana dariya. Goge ina kallo, har wanda ka kwafa a kwamfuta."

Ya tsaya a kansa har ya goge.

Washegari da hantsi ya sa wankakkun kaya ya tafi. Ya tura wayar ta ƙarƙashin labule, ya ce ta danna tsakiya. Yana zaune ya ji muryar ta fito, "Palwasha", sumul, sai ruman, sai magani, sai ta ƙare. Ya jira kuka, bai ji ba. Ta sake kunnawa, ta sake.

"Ajab Nur."

"Na'am, matar Yaya."

"Na tuna ranar nan. Ina wanke shinkafa ya kira. Amma ba haka ya faɗa ba. Wannan ya yi saurin gamawa."

"Mun ɗan gyara ne. Mun cire... wuraren da yake wahala."

"Wahala?" Ya ji ta gyara zama. "Ranar da aka kawo ni gidan nan ina kuka, ya shigo zai kira sunana ya kasa. Ya yi ta fama, gumi na zubo masa, ƙaton mutum kamar ƙofa. Sai na daina kuka na tsaya jiransa. Tun daga ranar nake jiransa, ban taɓa ƙarasa masa kalma ba, ya ce ni kaɗai ce ban taɓa ba. In ya maƙale ido yake rufewa, ni kuma lokacin nake samun kallonsa yadda nake so. Wannan da ka kawo ba ya buƙatar kowa ya jira shi."

Ajab Nur da ya ci abinci da baki tsawon rayuwarsa, ya nemi kalma ɗaya ya rasa.

"Ba laifi, ka yi ƙoƙari, Allah ya saka," ta ce da sauri, kamar mai lallashin yaro. Har da 'yar dariya a muryarta, ta farko da ya ji tun rasuwar. "Ashe dai akwai. Alhamdulillahi, ashe akwai! Ka koma ka kawo min wanda ba ku taɓa ba, da janaretan da komai. Ba sai yau ba in kana da aiki."

Wayar ta dawo ta ƙarƙashin labule, ta tsaya a jikin gwiwarsa. Bai ɗauka ba. Baƙin ciki ya taso masa, irin wanda bai ji ba ko ranar da ya sa hannu aka saka yayansa a kabari.

"Ajab Nur? Kana ji na?"

"Ina ji, matar Yaya."

"To yaushe za ka kawo?"

Ya buɗe baki. A bayan labule ta yi shiru, ba ta katse shi ba, tana jira ya ƙarasa.