Saura Bakwai

"Tsaya cik, Frau Pospischil, ba rawa na ce ki yi ba," in ji Frau Nawratil. Tana durƙushe a kan matakala da tef ɗin awo, tana auna daga dunduniyar matata Traude zuwa bayan gwiwarta. Traude ta dafa bango tana haki, jakar burodi na lilo a hannunta.

"A nan numfashin ya ƙare?"

"A nan."

"Taki ashirin da shida." Ta zaro fensir daga bayan kunne ta ja layi a bango.

Ni Alois Pospischil, tsohon direban jirgin ƙasa na cikin gari, ina tsaye ina kallon ikon Allah. Gidanmu a takarda hawa na uku ne, a ƙafa kuwa na biyar, irin wayon maginan Vienna na da. Taki casa'in da shida ne, babu lif. Likita ya ce zuciyar Traude ba za ta ƙara jure hawan a tashi ɗaya ba, ko ta sami wurin hutawa a hanya, ko mu koma gidan tsofaffi. Traude ta ce a ɗakin nan ta goya 'ya'yanta, sai dai a sauko da ita cikin akwatin gawa. Na ɗauko kujerar kicin na ajiye a matakala. Ko kwana biyu ba ta yi ba Herr Kubesch, mai kula da ginin, ya dawo mana da ita har ƙofa. Dokar gobara ce, babu abin da zai tsaya a hanyar gudu.

Frau Nawratil a ƙasa take zaune, can wurin aikinta yake. Tsara gine-gine ta karanta, amma masu tsara gini suna cewa mai zane ce, masu zane suna cewa kafinta ce, kafintoci kuma suna cewa ta cika iyayi. Shekara arba'in ba ma ga-maciji da ita. Sau biyu ina rubuta ƙararta saboda ƙarar zartonta, kuma ta sani. Ba mu roƙe ta komai ba, hakin Traude kawai ta ji ta bakin ƙofarta.

Bayan mako uku wani faifan katako ya bayyana a bango daidai layin fensir, ja da rawaya, kaurinsa bai fi yatsa biyu ba. In ka jawo shi sai ya sauko ya zama wurin zama, in ka tashi ya naɗe kansa ya koma. A gefensa ta liƙa 'yar takarda irin ta gidajen baje kolin zane: "Numfashi na Ɗaya. Katako da fenti. G. Nawratil."

Herr Kubesch ya zo da fayil a hammata.

"Frau Nawratil, wannan kujera ce."

"Kujera? Ina ƙafafunta?"

"Ai ana zama a kai!"

"Akwai waɗanda ke zama a kan ƙwaƙwalwarsu, Herr Kubesch, ba ta zama kujera ba. Buɗe littafinka ka nuna min inda aka hana rataye hoto."

Ya buɗe, ya rufe, ya auna kaurin da ɗan yatsa, ya tafi yana gunaguni. Ranar na yi dariya har da hawaye, na kuma ji kunyar takardun nan biyu.

Na biyu ya zo a taki na hamsin, shuɗi. Na uku a saba'in da biyu, kore. Ba ta taɓa sa su a kwanar matakala inda ake da fili ba, sai daidai inda numfashin Traude ya yanke. Na yi mata magana, ta ce, "Kai jirginka inda aka kafa alama yake tsayawa. Mutum kuwa inda ya gaji yake tsayawa. Da ƙirji ake auna gini, Herr Pospischil, tef shaida ne kawai."

A lokacin ne tarin da Frau Nawratil ta daɗe tana yi ya canza. Da kaka ta shigo ta rame, asibiti suka sallame ta da tulun iska da 'yar roba a hanci. Ciwon huhu ne, kuma ba ta ɓoye ba. Traude ta riƙa saukar mata da miya, tana hutawa a kan hotunanta a hanyar dawowa.

Wata Talata da hantsi na ji ana kiran sunana daga ƙasa. Na sauka na same ta da fensir a kunne.

"Ɗauki tulun nan ka biyo ni. Saura ɗaya."

"Haba, Frau Nawratil! Ukun nan sun isa. Traude tana kai wa ƙofa lafiya lau."

"Bana tana kai wa. Baɗi fa? Ƙirjina na yau shi ne nata na baɗi. Gara in auna tun yana hannuna."

Muka hau. Ta zauna a ja, ta zauna a shuɗi, ta daɗe a kore har na zaci ta fasa. Sa'a guda muka yi. A taki na tamanin da tara ƙafafunta suka ƙi, ta jingina da ni, ba ta da nauyi ko kaɗan. Ta ja layin.

"Taki bakwai fa kawai ya rage," na ce.

Ta ja numfashi ta dube ni. "Za ka ga tsawon bakwai."

Ni na sauko da ita a hannu. A ƙofarta na ce ina da abin da zan nemi gafara a kai. Ta ce, "Takardunka? Herr Kubesch ya miƙo min su, a bayansu na zana na farkon. Takarda mai kyau ce, kada ka damu."

Kwana goma sha ɗaya bayan haka ta rasu, da rana tsaka, Traude na riƙe da hannunta. A maƙabarta masu zane suka ce tasu ce, masu tsara gini ma suka ce tasu ce.

Faifan na huɗu yana kan teburin aikinta, an huda shi an haɗa komai, fenti ne kawai ba ta samu yi ba. Ban iya aikin bango ba, sai ga Herr Kubesch da injin huda bango. Ya hau da haki, ya kafa shi daidai layin. Da ya gama ya jawo shi ya zauna yana share gumi, ya ce, "Ina dai duba hoton ne."

Na gode wa matar nan, kuma har in mutu ina gode mata. Shekara biyu ke nan, muna nan a ɗakinmu. Shekarar farko Traude wucewa take yi ta gaban na huɗun, sai dai ta shafa shi. Tun farkon bana take zama.

Yau da safe na buɗe ƙofa na hango ta a kai, jakar burodi a cinya, ta jingina kai kusa da 'yar takardar da muka tarar a liƙe a bayan faifan. Shekara arba'in Frau Nawratil ba ta taɓa kiran matata da sunanta na yanka ba, amma a nan ta rubuta da fensir: "Saura bakwai, Traude."

Traude ta miƙe ta kama ƙarfen matakala. A bayanta farin katakon ya ɗaga a hankali ya koma jikin bango.