Sukarin Mushe Bawa

Shekara goma sha ɗaya ke nan ina kafa tebur a bakin tashar Bande, kafe da shayi da burodi, daga an sallame asuba har rana ta take. Ban taɓa taka ƙofar lakwal, makarantar boko, ba, amma ban taɓa ba wani abin da wani ya ce a haɗa masa ba. Na san mai son madara ta yi kauri, na san marowacin da zai sha rabi ya ce a ƙaro ruwan zafi, na san wanda sai an sheƙa masa ya huce kamar jariri. Duk na iya da su. Mushe Bawa ne kawai ya so ya kai ni ƙasa.

Shi Mushe, kamar yadda ake kiran malaman boko a nan, malamin lakwal ne da ya bar aiki. Rabin ƴan kabu-kabun tashar nan sun ci bulalarsa suna yara. Yanzu ba shi da abin yi sai ya zo ya raba bencina biyu, ya ɗora tabarau a kan hanci, yana gyara wa duniya zama. Yau ruwa bai tafasa ba, gobe ya ƙona masa harshe. An wanke kofin nan kuwa? A Damagaram ba haka ake yi ba. Na ce, "Mushe, ai ba a toshe hanyar Damagaram ba, ga mota can tana lodi."

Bara da kaka matarsa Hinda ta same ni har gida. Ta ce, "Yaya Tamu, an auna shi a likita, ciwon sukari ne. Don girman Allah ko zai tsine miki, kada ki sa masa." Na ce ta je ta kwantar da hankalinta.

Tun daga ranar ko ƙwaya ɗaya ban jefa masa ba. Ya kurɓa ya yamutse fuska.

"Tamu, wannan kafe ne ko jiƙon maɗaci?"

"Abin da jikinka ya ce a ba ka ne."

"Yaushe kika zama likita? Ke da ko sunanki ba ki iya rubutawa?"

"Kai da ka iya, karanta takardar da aka ba ka mana."

Ashe tsoho ya samo dabara. Da na juya ina hura gawayi, sai hannu ya zarce cikin kwalin sukari. Sau biyu ina kama shi, ya ce jikinsa ne. Na mai da kwalin ƙarshen tebur, ya koma zama ƙarshen benci. Ƴan kabu-kabu suna gani, kowa ya sunkuyar da kai yana duban takalminsa.

Ranar kasuwa ya yanke jiki ya faɗi a gindin tebur. A amalanke aka kwashe shi, daga likitar gari aka wuce da shi Magarya, ya kwana huɗu. Da aka tsare shi da tambaya gaban matarsa, sai ya rantse shi bai taɓa sukari ba, sai dai idan Tamu ce take zuba masa wani abu. Wani abu! Kafin maganar ta zagaya masallaci da rijiya ta dawo, ta zama wai barbaɗe nake yi a kafe don in ɗaure masu saye. Ni, da furfurata, da jikoki bakwai.

Kwana takwas bencina sai ƙudaje. Burodi ya bushe na jiƙa wa awaki. Matar da nake gaisawa da ita shekara talatin ta janye jikarta daga kusa da butata.

Na je wajen Modu sarkin tasha. Ya ce, "Inna, a yi haƙuri. Kin san babba ne."

"Ni ƙanwarka ce? Na ci tuwon sunanka, Modu. Haƙuri ake sawa a kafe? Ka tara min shi da ƴan kabu-kabu, ko in kai maganar gaban mai gari in ce kai ma da kai."

Ya tara su ƙarƙashin rumfar tasha bayan azahar. Mushe ya zo da babbar riga da sanda, yana tafiya a hankali don a ga mara lafiya. Modu ya tambayi ƴan kabu-kabu ko akwai wanda ya ga wani abu. Ƙattai goma sha biyu, masu keta yashi da babur har iyaka da buhu uku a baya, suka zama kamar kajin da ruwa ya daka. Wai ba a ƙaryata malami a gaban idonsa. Wani da gemu har ƙirji yana wasa da makullin babur.

Na ce, "To, ku ci gaba da jin kunya. Ni ba zai sake zama bencina ba. Gobe teburin wani zai je, wanda Hinda ba ta roƙa ba, ya kwasa son ransa. Ku tanadi likkafani, tunda kuna ƙaunarsa haka. In an tambaye ku me ya kashe Mushe, ku ce ladabi."

Nafi'u ne ya motsa a cikinsu, magidanci mai ƴaƴa biyar. Bai ɗaga kai ba, bai kama suna ba, ƙasa ya gaya wa.

"Huɗu ake sawa kullum. Ranar da aka faɗi, shida."

Wani daga baya ya ce, "Har da na aljihu."

Mushe ya miƙe, ya gyara tabarau, ya kama zuba Faransanci kamar yana gaban ƴan aji. Ya daɗe. Da ya gama Modu ya tafa hannu ya ce, "Alhamdu lillahi, Inna, ya ba da haƙuri."

"Me ya ce?"

"Ya ce... an samu rashin fahimta."

"Duk tsawon nan? To ni ban ji ba. Da Hausa ya ɓata ni, da Hausa zai wanke ni. Kuma ba nan ba, inda mutum goma sha suke. Ranar kasuwa, gaban teburina, da hantsi."

Mushe ya ce shi ba yaro ba ne. Modu ya dubi Nafi'u, ya dube ni, ya ga ba inda zan je. Ya ce, "Mushe, gara ta fito daga bakinka. In ba haka ba daga namu Hinda za ta ji."

Ya zo. Ya tsaya gaban tebur, mutumin da ake jin muryarsa daga lakwal har mahauta, ya yi magana kamar sauro. Na buga murfin tukunya da ludayi na ce a yi shiru, Mushe bai gama ba. Ya sake faɗa da ƙarfi: shi ya ɗebi sukari da hannunsa, Tamu ba ta zuba masa komai ba. Masu amalanke suka yi dariya, wata mai ƙosai ta rangaɗa guɗa.

Washegari ƴan kabu-kabu suka dawo ɗaya bayan ɗaya, kowa yana cewa dama shi bai yarda ba. Na ba kowa kofinsa. Mutanen ƙauye kuwa, waɗanda suka tafi da maganar barbaɗe a kan jakunansu, ba duka suka ji ta biyu ba. Har yanzu akwai mai wucewa ya kauda kai. Shi ya sa duk ranar kasuwa, da na hango baƙuwar fuska, nake kiran Nafi'u ya bar babur ya zo ya faɗa mata ƙwaya nawa ne.