Shanu Biyu, Taya Biyu

Ranar da aka ja shanun huɗar zuwa kasuwar Babura, Zulaikha ba ta fito ta yi musu kallon ƙarshe ba. Tana ɗaki ta ji jan san nan mai karyayyen ƙaho yana turjewa a bakin zaure, har sai da aka zuba masa sanda. Ta ɗauki tsintsiya ta ajiye. Ta nufi randa za ta cika, ta tarar a cike take.

Shanun nan biyu, da gonar bayan dutse a ƙauyensu na ƙasar Roni, da wata 'yar ƙaramar tarakta shuɗiya, su ne abin da mijinta Zubair ya bar mata da 'ya'ya uku. Tun ba ta fita takaba ba wansa, Yaya Lawal, ya karɓi makullin taraktar, ya ce zai riƙe wa marayu amana. Bara ya yi ta aiki da ita har tayoyin baya suka siɗe kamar tafin hannu. Bana hadari na fara haɗuwa sai ga shi da sallama.

"Zulaikha, mota fa ta zauna, tayoyin baya sun gama. Kuma kin san ba kyau in gauraya dukiyata da ta marayu."

"Aikin da ta yi bara fa, Yaya?"

"Mai da gyara sun cinye. Ki saki shanun nan kawai. Me za ki yi da garma ga mota a gida? Ana yin ruwa, gonarki ce ta farko. Kafin hantsi an gama."

Ta daɗe tana murza gefen mayafinta. Wan miji ne, uban yara ne yanzu. Ta ce to.

* * *

Abu ɗaya ta kafe a kai, da ita za a je Kazaure sayen tayoyin.

Mai shagon ya mirgino musu tayoyi iri biyu, sababbi da na gwanjo da aka goge suna ta sheƙi. Yaya Lawal ya bubbuga ta gwanjon da ƙafa.

"Wannan ai ba ta ga komai ba. A ɗauke ta, ragowar a sha mai."

Zulaikha ta sunkuya ta danna gefen tayar da babban yatsa. Ƙananan tsagu suka buɗe kamar ƙasan kududdufi da rani, yatsan kuma ya fito baƙi ƙirin.

"Yaya," ta ce a hankali, kanta a ƙasa, "lafiyayyun shanu na sayar."

Ya yi tsaki, amma ya bari aka gwada lambar da ke jikin sababbin da ta tsofaffin, aka ɗaure su a saman motar haya. Duk hanya ƙamshin sabuwar roba na shigowa ta taga, ita kuma idonta na gabas inda hadari ke taruwa.

Washegari Madu mai faci ya zo daga Roni da injin iskarsa. Ya ɗaga taraktar a jak, ya tokare ta da kututture, ya kwance ƙafafun. Ya shafe bakin tayar da ruwan sabulu, yana cusa ƙarfe yana nishi yana surutu. Zulaikha ta kasa zaman gida, ta kawo masa kunu, ta tsaya.

"Uwar gida, taya ma tana da alƙibla," in ji Madu. "Dubi haƙoranta. A sama tsininsu gaba zai kalla, shi ne take cizon laka ta tofar. Ka juya ta, ka yi wa mota takalmi bai-bai. In ta taka ƙasa kuwa, tsinin sawun inda ta fito yake nunawa. Ko ɓarawo ne ya ja ta, kin san gabas ya yi ko yamma."

Yaya Lawal ya yi dariya, har da tafi.

Da Madu ya gama ɗaure notika, ya dubi tsohuwar tayar da ke yashe. "Wannan kada a yar. In tsaga miki ita, shanunki su samu wurin shan ruwa."

Yaya Lawal ya shiga duba wayarsa.

"Tsaga," in ji Zulaikha.

* * *

Ruwa ya sauka kamar da bakin ƙwarya. Da sassafe ta ɗauki irin gyaɗar da ta ɓare da hannunta, ta tafi gona ta zauna a gindin marke. Ta ji ƙarar inji daga nesa, ta miƙe ta gyara ɗaurin zane. Ƙarar ta matso, ta matso, sannan ta fara raguwa.

Da ta kira Yaya Lawal a waya, da kyar take jin muryarsa.

"Wani Alhaji ne a Gwiwa ya matsa, ba yadda zan yi. Gobe in Allah ya yarda."

Goben ta zo ta wuce, wata ma ta bi ta. Kullum sai ta je ta cusa yatsa a ƙasa, kullum sai ta ƙara nisa kafin ta taɓo danshi. Gonakin maƙwabta sun yi kunya-kunya, wasu har tsiro ya leƙo. Ta zaga gidajen masu shanu, kowa da nasa layin.

"Ke da kike da mota a gida?" in ji Fatu maƙwabciyarta, tana dariya. Da ta ga fuskar Zulaikha sai ta haɗiye sauran.

Ta sake kira. Wannan karon ya ɗaga murya.

"Wai ni don kaina nake wahalar nan? Ba 'ya'yanki nake nemar wa ba? Mace ba haƙuri!"

"Ƙasa ce ba ta haƙuri, Yaya."

Ya kashe wayar.

Da la'asar ta ɗauki tsohuwar fartanyar Zubair ta nufi gona. A kan hanyar da ta bi ta gefen iyakarta ta ga sawun taraktar. Ya bushe, ya fito raɗau, haƙori bayan haƙori, ko tsaga ɗaya babu. Ta tsuguna ta sa yatsa a ciki. Duk tsinin gida yake nunawa. Ta bi shi da ido har inda hanya ta sha kwana, tana neman wanda ya juyo. Babu.

Ta shiga gonar ta fara sara. Kafin magariba ta yi kunya ɗaya da rabi, tafin hannunta ya ɗuri ruwa.

Da ta dawo gida ta jingine fartanyar a jikin turke. Tsohuwar tayar na nan inda Madu ya ajiye ta, cike da ruwan sama har baki, ganyen darbejiya na yawo a kai.