Zorka Ba Ta Taɓa Linzami

Bakin Urosh ne ya ja masa. A wajen walimar dangi, bayan kofi biyu na giya, ya bugi ƙirji ya ce shi zai rubuta wa Kawu Radoje sabuwar manhajar shagon tayarsa. Wata huɗu kacal ya yi yana koyon abin!

Yanzu saura kwana tara kafin ɗaya ga Nuwamba, ranar da duk masu mota na garin Kraljevo za su yi layi a sa musu tayoyin lokacin sanyi. Taya dubu biyu da mutane suka ba da ajiya ke jibge a sito, tsohuwar manhajar da ta san mazaunin kowace kuwa sai sumewa take yi. In ta mutu ranar, kawu ya shiga uku.

Shi kuwa gogan ko ginshiƙin da zai ɗora fuskar manhajar a kai bai tsayar ba. Mako uku yana karanta gardamar masana a intanet. Wannan ya ce Qt, wancan ya ce WinForms, wani ya zage su duka. Ya fara da wannan, ya goge, ya koma wancan. Ko burek, gurasar naman da yake so, ya daina ci.

Ƙarshe ya ɗauki ginshiƙin da ake yayi, mai maɓallai masu sheƙi, ya kai shago gwaji.

Zorka, matar da ta shekara ashirin da biyu a kan kantar shagon, ta buga lambar mota, ta danna Enter ba ta ko duba ba. Shiru. Ta sake dannawa. Tsohuwar kwamfutar ta hau gurnani.

"Anti, da linzamin kwamfuta ake matsawa gaba," in ji Urosh.

"Da me? Injiniya, wancan ɓeran da kake kira linzami yana cikin durowa tun kana cikin zanin goyo. Ido na kan mai mota, kunne na kan waya, hannu na kan madannai. Da ƙafa zan riƙe shi?"

Kawu ya leƙo, hannu duk baƙin mai. "Ya yi, ɗan ƙanwata?"

"Ya yi kyau," in ji Zorka. "A rataye shi a bango."

 Urosh ya jawo kujera ya zauna gefenta, yini guda yana kallon yatsunta. Lamba, Enter. Suna, Enter. Layin sito, Enter. Washegari ya goge aikinsa kaf, ya ɗauki ginshiƙi mafi tsufa, mai launin toka, wanda kwamfutar ke ɗauka ba nishi.

Ranar ɗaya ga wata motoci har bakin gada. Urosh na tsaye bayan Zorka. Ta buga lambar farko.

"Layi na bakwai, sama!" ta ƙwala wa makanikai.

Aka sauko da taya huɗu. Su ne.

Sai a mota ta goma ta waiwayo. "Kai, daina hura mini numfashi a wuya. Je ka murgino taya."