Shanun Yumɓu

Makarantar da ke bayan coci, a kan hanyar Rurum, azuzuwa huɗu ce da rumfar kwano guda. Mutanen cocin ne suka gina ta don 'ya'yansu, amma da yake ita ce mafi kusa, 'ya'yan manoma Musulmi da na Fulanin da ke bakin rafi su ma can suke zuwa. Saudat tana aji uku. Tana goye mahaifinta ya rasu, don haka a rugar yayan mahaifiyarta, Kawu Mato, ta tashi, kuma shi ya kai ta makarantar da kansa.

Ranar da ya kai ta, sharaɗi ɗaya ya kafa: kada a taɓa mata addini. Aka ce masa ai an riga an tsara. Idan lokacin darasin addini ya yi, yaran coci su zauna a aji da malamarsu, yaran Musulmi su tafi gindin ɗorawa wurin Malam Uzairu. Kawu ya gamsu. Da shi da malaman duk sun ɗauka in rigima za ta taso, daga nan za ta taso. Babu wanda ya kawo lissafi a ransa.

Duk yamma idan Kawu yana ɗaure maruƙa, Saudat takan tsaya a gefensa ta sauke masa abin da ta ɗauko a ranar.

"Kawu, ashe wake ma yana neman haske? Mun shuka a gwangwani biyu, ɗaya a taga, ɗaya a cikin kabad. Na kabad ɗin ya yi tsawo, amma fari fat kamar mara lafiya."

"To me waken ya sata da kuka kulle shi?"

Wata rana kuma taswira ce. Malama ta zana musu Rano a allo, ta zana Kibiya, ta ja layin rafinsu a tsakani. Kawu ya tambaya ko ta saka rugarsu, Saudat ta ce a'a, ya ce lallai malamar nan mai hankali ce. Akwai makon da aka koya musu tsafta, ta riƙa tsare kowa da buta da sabulu kafin tatsa, har Innarta ta ce an kawo musu malamar asibiti gida ba su nema ba. Ta iya waƙar kwanakin mako da Turanci, tana rera wa maruƙa. Kawu yana tsokanarta, amma idan ta yi jinkirin dawowa shi ne farkon mai leƙa hanya.

Malamar aji uku, Malama Rifkatu, 'yar manoma ce, mace mai yawan dariya da ba ta son a yi lissafi da iska. Komai sai an taɓa shi da hannu: tsakuwa, kara, 'ya'yan ɗorawa. A tsakiyar damina, da ta zo koya musu haɗa abu goma-goma, sai ta ce kowa ya je gida ya ƙirgo dabbobin gidansu, gobe a haɗa a aji.

Da yamma, da shanu suka dawo daga kiwo, Saudat ta hau kan suri a bakin garke ta miƙa yatsa. Ta kai sha ɗaya, tana shirin sha biyu, sai ta ji an kama mata hannu.

"Sauke yatsan nan," in ji Kawu.

Bai ɗaga murya ba, shi ya sa ta tsorata. A gidansu ba a ƙirga shanu. Uban Kawu bai ƙirga ba, kakansa bai ƙirga ba. Sukan san wadda ba ta dawo ba kamar yadda uwa take sanin ɗan da ba ya cikin ɗaki, da suna da kama da hali. Abin da suka taso da shi shi ne, duk garken da aka nuna da yatsa aka ba shi adadi, daga ranar yake fara raguwa. Saudat ta sha jin haka, amma ta ɗauka maganar manya ce, ba ta shafi aikin makaranta ba.

"Wa ya sa ki?"

"Malama ce. Lissafi ne, Kawu."

Ya juya ya kalli shanun. Sannan ya ce, "Na ce kada su taɓa miki salla, ba su taɓa ba, na gode musu. Amma sun aiko ki cikin garkena. Ranar Alhamis zan je da kaina in yi musu godiya, in taho da ke. Karatun ya isa haka."

Washegari a aji yara suka riƙa tashi ɗaya bayan ɗaya. Wannan awaki shida, wancan kaji tara da jaki. Ladi, ƙawar Saudat da suke benci ɗaya, ta lura da idonta ya yi ja, ta raɗa mata, "Ke, ki ce ashirin kawai. Wa zai je ya duba?"

Saudat ta yi tunanin haka. Amma a makon nan Malam Uzairu ya gama yi musu bayanin ƙarya a gindin ɗorawa, kuma Ladi da bakinta ta ce su ma abin da aka koya musu ke nan a aji. Abu ɗaya da ɓangarorin biyu suka haɗu a kai, shi ne yanzu ake ce mata ta taka. Da aka zo kanta ta miƙe ta ce, "Malama, namu ba a ƙirgawa."

Aji ya fashe da dariya. Wani yaro daga baya ya ce, "Yawa ne ya yi musu, ko babu ne?" Malama ta buga tebur, ta wuce kan na gaba. Sai da aka fita tara ta kira Saudat, ta zaunar da ita, ta ji komai, har da maganar Alhamis.

Malama ta dafe kai, sannan ta yi 'yar dariya. "Ni ma fa kakata, in ka tambaye ta jikokinta nawa, sai ta kore ka da muciya. Ta ce ba a ƙirga yara. Yaya aka yi ban tuna ba?" Ta kalli yarinyar. "Kin kyauta da ba ki ƙaga mini adadi ba. Amma goma-goma ɗin nan dole ki iya shi, ko da shanu ko babu. Bari mu gani."

A ranar bayan tara aikin hannu suke da shi. Aka kai su bakin rafi suka ɗebo yumɓu, kowa ya gina abin da ya iya. Yaran manoma suka yi tukwane da motoci. Saudat ta zauna can gefe, ranta a ɓace, hannunta yana yin abin da ya saba tun tana ƙarama a wurin kiwo. Kafin a tashi, shanu bakwai na tsaye a gabanta, kowace da tozonta da irin ƙahonta, kuma yara sun bar tukwanensu sun kewaye ta.

"Wannan wace ce?"

"Guntuwa. Kura ce ta cije mata wutsiya tana ƙarama."

"Wannan mai karkataccen ƙahon fa?"

"Ɓaleye. Ita baƙa ce, sai an shafa mata gawayi."

Malama ta tsuguna ta ce, "Idan muka ƙirga waɗannan fa?"

Saudat ta girgiza kai. Idan ta gina su duka aka ƙirga, ai garken Kawu aka ƙirga, an dai bi ta bayan gida ne. Ta ci gaba da murza yumɓu tana tunani. Can sai ta ɗaga kai ta tambaya ko dole ne sai waɗanda suke nan yanzu za ta gina. Malama ta ce yumɓunta ne, hannunta ne, ta gina wadda ta ga dama.

Ranar Alhamis da hantsi ɗan acaɓa ya sauke Kawu Mato a bakin makaranta, da malfarsa da sandarsa. Tun daga nesa ya ji muryoyin yara a ƙarƙashin rumfar kwano suna ƙirga wani abu tare. Da ya matso, sai ya ga garke guda na yumɓu a kan siminti, an jera shi goma-goma, an yi wa kowane rukuni shinge da kara.

Malama ta taso ta rusuna. "Sannu da zuwa, Baba. Ina kwana? Yaya shanu?"

"Lafiya lau, Malama. Yaya yara?" Amma idonsa yana kan siminti. Ga Guntuwa nan, ga Ɓaleye baƙa ƙirin da gawayi, ga karsanar da ya karɓo a Kibiya bara. Fuskarsa ta canza. "Malama, na hana a ƙirga su a gida, sai kuka ɗauko su kuka kawo nan?"

"Baba, kafin ka yi fushi, duba su da kyau. Ni ban san su ba, kai ka san su."

Ya tsuguna, gwiwarsa tana ƙara. Ya bi su da ido. Sai ya tsaya a kan wani ƙaton bijimi mai ƙaho kamar rassan bishiya, ya ɗauke shi a hankali.

"Wannan ai na mahaifina ne. Saudat, bijimin nan ya mutu tun ba a haifi uwarki ba. Ina kika san shi?"

"Kai kake ba ni labarinsa, Kawu. Ka ce mutum biyu ba sa iya riƙe shi."

"Uku," ya ce. Ya ajiye shi, ya nuna wata da haɓa. "Wannan mun sayar da ita shekarar da aka yi ciwon kofato. Wannan ɗan maraƙin kuma na wa? Ɓaleye ba ta haihu ba tukuna."

"Za ta haihu ai."

"Allah Ya sa." Ya ƙara dubawa. "Ina Mai-ƙararrawa? Ina jar nan mai harbi?"

"Ban gina su ba. Ita mai harbin ba na sonta."

Yaran suka tuntsire da dariya. Kawu ya danne tasa, ya ɗaga wata halitta mai gajerun ƙafafu da dogon baki. "To wannan kuma daga wane daji?"

"Saniyata ce!" in ji Ladi.

"'Yata, wannan in ta shigo garkena da dare, karnuka za su ce ɗan'uwansu ne."

Sai da dariya ta lafa ya miƙe, ya dogara da sandarsa, ya koma kan maganar da ta kawo shi. Shi mutum ne da ba ya son a ba shi abu a duhu, ko da abin ya yi masa daɗi.

"Malama, tsaya in gane. In waɗannan shanuna ne, kun ƙirga su. In ba shanuna ba ne, to kun koya wa yaran nan adadin ƙarya. Wanne ne a ciki?"

"Babu ko ɗaya, Baba. Yara, shanun yumɓu nawa ne a nan?"

"Arba'in da uku!"

"Shanun Baba nawa ne a gida?"

Suka kalli juna. Yaron nan na baya ya ce, "Ba mu sani ba, Malama."

"Ka ji. Abin da suka sani gaskiya ne, abin da ba su sani ba sun ce ba su sani ba. Laifin farko nawa ne, da na aike ta garkenka ban tambaya ba. Amma dabarar nan ba tawa ba ce, ta 'yarka ce. An ba ta shawara ta faɗi kowane adadi a wuce wurin, ta ƙi."

Malam Uzairu ya zo wucewa zai tafi gindin ɗorawa, Kawu ya tare shi. "Malam, kai me ka gani? Wanda ya ƙirga hoton abu, ya ƙirga abin?"

"Mato, ka tambaye ni alwala, ka tambaye ni gado," in ji Malam Uzairu, bai ko tsaya ba. "Tsakanin Bafulatani da shanunsa ba na shiga."

Kawu ya juya ya kalli Saudat. Tana tsaye, hannunta duk busasshen yumɓu, ta ƙi ɗaga ido. 

"Goma-goman nan, kin iya shi yanzu?"

"Na iya, Kawu."

"To ki bar shi a nan. Ki ƙirga yumɓu, ki ƙirga tsakuwa, ki ƙirga taurari in kin ga dama. Amma yatsan nan kada ya ƙara kallon garkena."

"Ba zai ƙara ba." Ta ɗago ido. "Gobe in zo?"

"In ba ki zo ba, wa zai gyara wa Ladi karenta?"

Ladi ta yi tsalle ta rungume ta, suka kusa taka shinge. Kawu kuwa, maimakon ya nemi ɗan acaɓarsa, sai ya jingine sanda, ya naɗe hannun riga, ya zauna a kan ɗan bencin yara, gwiwoyinsa sun kusa kai masa haɓa. Ya ce a miƙo masa ragowar yumɓun. Yatsunsa suka fara murzawa, tozo ya fito, ƙaho ya fito, yara suka matso har suna hawa kan juna. Da ya gama saniyar ya tura ta tsakiyar rukuni na biyu, ya miƙa hannu a ƙaro masa yumɓu.

"Wayyo, Baba, ka ɓata mana goman!" in ji yaron baya.

"Sai ku sake," in ji Malama Rifkatu, tana janye karan shinge. "Saudat, fara mana daga ɗaya."