Furar Walimar Dakta

Uwaisu ya sauko daga motar Jahun da kwalin digirinsa na uku a cikin leda, ya tarar an baza tabarmi a ƙofar gidansu a Aujara, mutane maƙil. Tun da aka ƙaddamar da shari'a aka daina kiran makaɗa, sai walima, ita kuwa walima ba a yin ta da fatar baki.

"Dakta ya iso!"

Shekara bakwai ya yi yana bin ƙauyuka a kan wani gajiyayyen keke, yana roƙon tsofaffi irin geron kakanni da manoma suka watsar saboda na zamani. Wani ya ba shi cikin tafi, wata ta kwance daga bakin zane. Ya shuka, ya yi reno, har iri arba'in da ɗaya kowanne ya kai kwano, ya ƙulle su da lambobinsu a randuna a ɗakin mahaifiyarsa. Yawancin waɗanda suka ba shi sun riga mu gidan gaskiya. Saboda irin nan ya ƙi aikin ma'aikata a Dutse, ya ce gonar gado zai mayar wurin bincike, ba shugaba, ba albashi. Dangi suka ce boko ya taɓa shi.

Ya shiga gaida Inna. A gindin turmi ya ga takardun lambobin a warwatse cikin dusa, kaji na tono. Ya juya wajen yayarsa.

"Adda, me kuka daka?"

Yayarsa Hassana ta goge hannu da zane. "Kai ma ka san bana ruwa ya ɗauke da wuri, rumbu wayam. Baƙi ɗari, mu ba su me?"

"Duka?"

"Ba ka gama karatun ba?" in ji Inna daga bakin ƙofa. "Na ce tunda an ba ka takardar, ai geron ya gama aikinsa. So kake a ce uwar dakta ta sallami mutane da ruwa?"

Fuskarta cike da alfahari, kuma wannan ya fi komai yi masa ciwo. Wa zai yi wa faɗa? Ya durƙusa ya gaishe ta, ya fito.

A waje aka zaunar da shi kusa da Baba Gwadabe, tsohon da ya fi kowa shekaru a unguwar. Aka kawo furar walima a ƙwarya, tsohon ya kurɓa, ya tsaya, ya sake kurɓa, idonsa ya kawo ruwa.

"Ikon Allah! Rabona da wannan ɗanɗanon tun ina yaro. Na ɗauka geron nan ya ƙare a duniya. Ɗana, in da saura ka sam mini ko cikin cokali, in shuka baɗi."

Uwaisu ya dubi cikin ƙwaryar.

"Sha a hankali, Baba," ya ce. "Shi ke nan sauran."